DARASI NA SHIDA: Gulbinmu da Dam ɗin Bakolori

A wannan darasi za mu dubi ƙasar da muke nomawa, wato Talata Mafara da Bakura da Maradun, da gulbin da yake ciyar da ita. A karanta shi a taron ƙungiya da murya mai ƙarfi, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji.

1. YADDA ƘASARMU TAKE

Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau, ya ratsa ƙasarmu, ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato, daga nan ruwansu ya gangara Kwara. Damina a nan gajera ce. Yawancin ruwan sama yana sauka daga watan Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuwa rani ne.

Ƙasarmu iri biyu ce. Akwai tudu mai yashi, inda ake shuka gero da dawa da wake da gyaɗa. Akwai kuma fadama a bakin gulbi. A dā, idan gulbi ya cika da damina, sai ya malale cikin fadama, ya bar laka mai taki. Kakanninmu suna shuka shinkafa a wurin, idan ruwa ya janye su yi lambu, masunta kuma su kama kifi a tafkuna.

2. YADDA DAM YA ZO

A shekarar 1969 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawara a yi ɗan madaidaicin dam a wannan yanki. Gwamnati ta zaɓi yin babba. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya fara aiki a 1974, aka gama bangon dam a 1978. Tsawonsa ya kai kilomita 5 da rabi. An yi shi don ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, tafkinsa kuwa ya rufe hekta kamar 8,000. Aka shirya ban ruwa ga hekta 23,000, wani sashe ta hanyar magudanai, wani ta bututun yayyafi.

Mutanen da ruwa ya ci gidajensu da gonakinsu aka tashe su zuwa sabon matsuguni a kan tudu. Na cikin filin ban ruwa kuma aka hana su shuka yayin da injuna suke baje ƙasa. Da aka zo rabon gonaki, iyakokin dā sun ɓace, wasu ba su gane nasu ba, diyya kuma ta yi jinkiri. Manoma suka tare hanyoyin aiki. A watan Afrilu na 1980, zamanin da nan yake cikin Jihar Sakkwato, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a wajen Birnin Tudu, mutane da yawa suka mutu. Tsofaffinmu ba su manta ba.

Na ƙasa da dam su ma sun sha wuya. Da aka tare ruwa, ambaliya ta ragu, fadamu da yawa suka daina jiƙa. Masu shinkafa suka koma gero da dawa, kifi kuma ya yi ƙaranci. Daga baya bututun yayyafi suka lalace, don suna bukatar wutar lantarki da kayan gyara daga ƙasar waje. Sai a 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, wanda Bakolori yana cikin wuraren da aka sa a gyara, tare da ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa.

3. WANI ƘAUYE A ƘASAR HOLAN

A ƙasar Holan akwai ƙauye mai suna Kinderdijk. Mu ƙarancin ruwa ne yake damunmu, su kuwa yawansa, gama kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu ya fi teku ƙasa. Wajen shekarar 1740 aka gina injunan iska a ƙauyen, masu manyan fukafukai, don su ɗebe ruwa daga gonaki su zuba a kogi. Guda 19 suna nan tsaye har yau.

Abin lura a nan shi ne mutanen. Tun ƙarni na 13 manoman Holan suke da majalisun ruwa. Kowane mai gona yana da rabonsa na gyaran ganuwar ruwa, yana biyan kuɗinsa, yana kuma da bakin magana. Sun gane cewa idan ganuwa ta fashe a gonar mutum ɗaya, gari duka ne zai nutse. Duk da haka a 1953 teku ya fasa ganuwoyi, ya kashe mutum fiye da 1,800, suka sake gini da ƙarfi.

4. ABIN DA ZA MU YI

(a) Kowane ɗan ƙungiya ya san lambar gonarsa da girmanta, magatakarda ya rubuta a littafi. Rashin rubutu ya jawo hasara mai yawa a lokacin rabon gonaki.

(b) A sa ranar gayya kafin noman rani, a kwashe laka da ciyawa daga magudanai.

(c) Na bakin magudana kada ya tare ruwa ya bar na ƙarshe da ƙishi. A bi layi. Maƙwabcinka, Kirista ne ko Musulmi, magudana ɗaya kuke sha.

(d) A biya kuɗin ruwa a kan lokaci, a karɓi rasit, a je taro a tambayi yadda aka kashe shi.

(e) A hana yara wanka a ruwan da ba ya gudu, saboda ciwon tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti.

5. KARATU DA TAMBAYOYI

A karanta labarin Nabot da gonarsa a Littafin Sarakuna na Fari, sura 21, sa'an nan a tattauna:

1. Me ya sa Nabot ya ƙi rabuwa da gonar gādonsa?
2. Wa yake ƙarshen magudanarmu? Ruwa ya kai masa a ranin da ya wuce?
3. Idan aka zo da sabon shiri gobe, wa zai yi magana a madadinmu, kuma da wace takarda?

Shugaban ƙungiya ya aiko da amsoshinku kafin fitowa ta gaba. A rufe taro da addu'a domin iyalan waɗanda suka rasu a 1980, da zaman lafiya a ƙasar Zamfara, da albarkar noman rani.