Amanar Shugabar Masu Taimakon Matan Da Aka Zalunta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da Alayensa da Sahabbansa.

Bayan haka, wata baiwar Allah da na taɓa koya wa Larabci ta zo mini da tambaya. Matan unguwarsu sun kafa ƙungiya don kula da waɗanda mazansu suka doka, da waɗanda aka yi wa fyaɗe, suka kuwa ɗora mata shugabanci. Ga shi wasu dattawa suna cewa aikin tona asirin aure ne. Shin yana da asali a Shari'a? In yana da shi, mene ne ke wuyanta?

To, lalle yana da asali. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mata da yawa sun taɓa zuwa wurin iyalan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna ƙarar mazansu saboda duka. Bai kore su ba, sai ma ya bayyana cewa waɗannan maza ba su ne zaɓaɓɓun al'umma ba. Mu lura, matan sun fara kai kuka ne wurin 'yan'uwansu mata. Nana A'isha kuwa ta shaida, kamar yadda Muslim ya kawo, cewa bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. A ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji, watau dattijan mata amintattu masu jagorancin 'Yan Taru. Mace ta jagoranci mata a kan alheri ba baƙon abu ba ne.

Amma fa shugabanci amana ne, kuma haƙƙoƙinsa a nan biyar ne.

Na farko, tsare rai da lafiya kafin kowace magana. Wadda ta zo da rauni, asibiti za a fara kai ta, sa'an nan a nema mata wurin kwana inda hannun azzalumi ba zai kai ba. Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa, kada a bari ta wuce sa'o'i 72 ba ta ga likita ba, domin maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar ƙanjamau a cikin wannan lokaci a ke fara shansa. Kada a wanke tufafin da abin ya faru a cikinsu, a kuma karɓi takardar likita a adana. Wannan yana da nauyi a fiƙihunmu, domin Imamu Malik ya yi la'akari da alamun da ke gaskata mai cewa an tilasta ta, kamar ta zo da jini, ko ta yi kururuwar neman agaji a lokacin. Jinkirin da dangi ke yi don gudun abin kunya, shi ke ɓatar da hujjar yarinya.

Na biyu, kada a ɗora laifi a kan wadda aka zalunta. Tirmizi ya ruwaito labarin matar da wani ya auka mata a hanyarta ta zuwa salla. Manzon Allah bai yi mata haddi ba, ya sallame ta da bushara ta gafara, hukunci ya hau kan wanda ya aikata. Imamu Malik ma ya wajabta wa mai fyaɗe biyan sadakin irinta, bayan haddin da ke kansa. Saboda haka shugaba ta hana mataimakanta tambayoyi irin su: me ya kai ki can, me kika yi masa har ya doke ki? Wanda aka sara ba a ƙara masa da gishiri a miki.

Na uku, riƙon sirri. Abin da mace ta faɗa a ɗakin ƙungiya kada ya fita zuwa gidan biki ko bakin rijiya, kada kuma ya shiga waya. Ayah ta 148 cikin Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa. Izinin nasa ne, ba na mai saurare ba. Ita ce za ta zaɓi wanda za a gaya wa, sai fa inda a ke tsoron halaka, ko kuwa ƙaramar yarinya ce wadda dole a sanar da hukuma don a cece ta. Duk mataimakiyar da bakinta ba ya rufuwa, a sallame ta ko da 'yar'uwar shugaba ce.

Na huɗu, kuma nan ne mafi yawanmu ke tuntuɓe, shi ne sanin muhallin haƙuri. Haƙuri ibada ne mai girma, amma ba a mai da shi takunkumi a bakin wadda a ke karya wa ƙashi. Sulhun da ayah ta 35 cikin Suratun Nisa'i ta tsara, na masu hukunci biyu ne, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta, don a gano mai laifi a gyara, ba don a tura mace ta koma a rufe ƙofa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shaihu Halilu ya tabbatar a Muhtasar cewa mace tana da ikon neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa bayyananna, ko da shaidu ba su ce abin ya maimaitu ba. Ana tabbatar da cutarwa da shaidu, ko da labarin da ya bazu tsakanin maƙwabta. In ma ta biya hul'i, daga baya ta tabbata cewa azaba ce ta sa ta fanshi kanta, ana mayar mata da dukiyarta. Dokar ƙasa ta hana cin zarafin mutane, wadda aka sa wa hannu a 2015, ita ma ta haramta dukan mata. Aikin shugaba ta sanar da mace haƙƙinta, ta raka ta wurin malami ko alƙali, amma kada ta yanke mata shawarar zama ko fita.

Na biyar, kula da mataimakanta. Sauraren baƙin ciki kullum yana cin zuciya. Ta raba musu aiki bi da bi, ta riƙa shawara da su, kada ta aiki ɗayarsu ita kaɗai gidan mutumin da aka san shi da duka. Kuɗin taimako kuwa a rubuta shigarsa da fitarsa, a sa wa waɗanda suka warke jarin sana'a, domin yunwa ce ke mai da mata da yawa inda suka gudo. Ta kuma sani warkewar zuciya ba ta da ranar ƙarewa. Wadda ta daina barci, ko ta ke maganar kashe kanta, a haɗa mata addu'a da likitan ƙwaƙwalwa.

Ku kuma iyaye maza da limamai, ku zama garkuwar waɗannan bayin Allah. Annabi ya umurce mu da taimakon ɗan'uwa ko shi ne azzalumi, ya kuma fassara taimakon da cewa a riƙe hannunsa daga zalunci. Wanda ya hana maƙwabcinsa dukan matarsa, ya taimaki mutum biyu ke nan.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya share hawayen waɗanda aka zalunta, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.