Daga Bakin Murhu Zuwa Kujerar Manaja: Fara da Lissafin Faranti Ɗaya

A gidan abincin da na yi SIWES bara akwai wani kuku da kowa ke kira Oga. Wallahi in ya haɗa jallof, tun daga bakin ƙofa ƙamshi ke tarbar mutum. Da manaja ya ajiye aiki, mai wurin bai tsaya dogon tunani ba ya ɗora Oga a kujerar. Wata biyu kacal aka mayar da shi kicin. Ba sata ya yi ba, kwastomomi ma ba su ragu ba. Ciniki dai ake yi kamar kullum, amma wata na ƙarewa sai kuɗin albashi ya gagara.

To ina kuɗin suka tafi? Ga lissafin da Oga bai taɓa zama ya yi ba.

A ce tukunyar jallof ɗaya ta ci ₦36,000: shinkafa, mai, tumatir, attarugu, albasa, magi da nama. Ya kamata ta fitar da faranti 40, wato kowane faranti ya tashi a ₦900. In ana sayar da shi ₦3,000, kayan abinci sun ɗauki kashi 30 cikin ɗari na kuɗin sayarwa, kuma kusan nan ake so abin ya tsaya a wannan sana'a. Sauran kashi 70 ɗin fa ba riba ba ce zalla. A ciki za a biya haya, albashi, gas da man janareta.

Yanzu a ce mai zuba abinci yana cika hannu, tukunyar ta ƙare a faranti 32. Kowane faranti ya koma ₦1,125, wato kashi 37.5. Faranti 8 sun salwanta, ₦24,000 ke nan a rana, ₦720,000 a kwana 30. Babu wanda ya saka ko sisi a aljihu, ludayi ne ya cinye.

Don haka duk mai son hawa kujerar nan, ya fara waɗannan tun yana kicin:

1. Rubuta ma'aunin kowane girki, a kuma tsayar da ludayi ɗaya na zubawa. "Ai hannuna ya saba" ba ma'auni ba ne.

2. Ƙirga kayan sito duk mako. Abin da ya fara shiga shi zai fara fita, kada sabon tumatir ya danne tsoho ya ruɓe a ƙasa.

3. Farashi na tashi a kasuwa, ka sake lissafin farantinka a ranar.

4. Duk abin da ya ƙone, ya zube ko ma'aikata suka ci, a rubuta shi.

Sai kuma mutane, inda abin ya fi wuya. Waɗanda jiya kuke cin ƙanzo tare, yau kai za ka tambaye su dalilin makara. Oga ya kasa, kunya ta hana shi. Ka faɗi doka a gaban kowa, ka yi wa mai laifi faɗa ku biyu kaɗai, kuma in kicin ya rikice da rana kada ka ƙwace ludayi ka koma girki. Wa zai duba teburi da akwatin kuɗi?

Ko Auguste Escoffier, Bafaranshen da ya tsara rabon aiki a kicin da manyan otal ke bi har yau, an sallame shi daga otal ɗin Savoy na Landan a 1898 kan zargin da ya shafi kuɗi da masu kawo kaya. Daɗin girkinsa bai kare shi ba.

'Yan'uwa masu shirin tafiya IT na shekara ɗaya bayan ND, ku roƙi a bar ku ku zauna da mai kula da sito ko da mako biyu ne. Ku tafi da littafi da biro.