Labarin Soyayya Na Zamanin Da, Da Hanyar Kai Shi Ɗab'i

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wani irin littafi wanda Turawa su ke da shi jibge, mu kuwa namu bai taka kara ya karya ba. Shi ne labarin soyayya wanda aka ƙaga, amma aka dasa shi cikin wani zamani na gaskiya da ya shuɗe. Sarakunan da ke ciki an yi su, yaƙe-yaƙen an gwabza su, masoyan ne kaɗai marubuci ya ƙirƙiro, ko kuwa ya tsinci sunansu a tarihi ya ba su baki. Wanda ya karanta Ivanhoe, na Walter Scott, wanda ya fito a 1819, ya san irinsa. Ni dai a wannan littafi ba jarumin ne ya zauna mini a rai ba. Rebeka ce, Bayahudiyar nan mai magani, wadda ta zaɓi mutuwa a kan ta bi mutumin da ba ta so.

Abin da ni ke so mu duba shi ne, me ya sa ba mu da irin wannan da yawa a Hausa, alhali kuwa kayan aikin na nan a ƙofar gidanmu, tsakanin Yola da Jimeta. Sa'an nan mu ga hanyar da littafi ya ke bi kafin ya kai hannun mai karatu.

A 1933 aka sa gasar ƙaga labari a Hukumar Fassara ta Zariya, a hannun Dokta R. M. East. Littattafai biyar suka fito daga wannan aiki: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Dukan marubutan maza ne. Ganɗoki na Bello Kagara ya taɓo zuwan Turawa, amma na yaƙi ne tsantsa. Jiki Magayi na soyayya ne, sai dai Zainabu da a ke rigima a kanta ba ita ke juya labarin ba, maza ke ja-in-ja. Wanda ya fi kusa da abin da mu ke nema shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ku tuna uwar Umar. An sace mata ɗa, ta tashi ita kaɗai nemansa, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetara Sahara da ita, ba ta fasa ba sai da ta gan shi kafin ta cika. Ai wannan ita ce jarumar littafin, ko da ya ke sunan ɗanta ne a bango.

An daɗe kafin mata su kama alƙalamin ƙaga labari da boko. A 1980 Kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya zo na biyu a gasar kamfanin. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Filani wadda ta kafe a kan auren Yasir, wanda ba Bafilace ba, dangi na so ko ba sa so. Bayanta sai ga Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta koma karatu da girmanta. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, kuma a 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, inda Rabi, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara, ta riƙe su da sayar da abinci. Bilkisu Ahmed Funtuwa ma ta cika littattafanta da mata masu ilmi da sana'a. To, jarumai mata kam mun samu. Amma duk matan zamaninmu ne, masu mota da asibiti da kotu. Tarihi yana gefe guda, soyayya na gefe guda, ba a cika haɗa su a tukunya ɗaya ba.

Yanzu ku zo mu leƙa gida. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. A 1851 Bature Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya iso, Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. A watan Satumba na 1901, ruwa ya cika, jiragen Ingilishi suka hauro Binuwai suka shigo tafkin Njuwa, sojan Kanar Morland suka sauka suka ci Yola. Lamiɗo Zubairu ya fita, ya yi ta gwabzawa da Jamusawa a Garwa da Marwa, har aka kashe shi a 1903. Ƙasar da ta ke ɗaya aka yanka ta biyu, ɓangare ɗaya na Ingilishi, ɗaya na Jamus. Duk littattafan tarihi sun faɗi wannan. Abin da ba su faɗi ba shi ne halin matan da ke cikin gari a wannan rana. Wace ce ta goya jariri ta bi ayarin Lamiɗo? Wace ce aka sa wa rana, ango ya faɗa ɓangaren Jamus, ita tana na Ingilishi? Wace ce ta ga ubangijinta ya gudu, ta tsaya tana tunanin ko yau ta zama 'ya? A nan aikin mai ƙaga labari ya ke. Inda malamin tarihi ya yi shiru, nan shi ya ke da izinin magana.

In kuwa mace ta ainihi ku ke so, ga Hauwa 'yar Rabe. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya zo ƙasar Adamawa ya zauna a Balda, ya tara jama'a a kan aƙidar Mahadi, har ya karya rundunar Zubairu. Ya ƙulla amana da Rabe, Rabe ya ba shi 'yarsa Hauwa, suka ci Barno tare a 1893. Daga baya zama ya ƙi daɗi. A 1898 Hayatu ya yi niyyar barin Dikwa, aka kashe shi a faɗa da mutanen Fadlallah, ɗan Rabe, watau ɗan'uwan matarsa. Shekara biyu bayan haka Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri, a 1901 kuma suka kashe Fadlallah a Gujba. Ku dubi wannan mace. Miji a hannu ɗaya, uba da ɗan'uwa a ɗaya hannun, cikin shekara huɗu duk sun tafi. Wanda ya rasa abin rubutawa a nan, to, alƙalaminsa ne ba tawada.

Amma fa a yi hattara da abin da a ke kira jarumta. Da yawa in an ce mace jaruma sai su ɗora ta a kan doki, su ba ta takobi, su ce ga Amina ta Zazzau. Wannan hanya ce mai sauƙi, kuma ta kan sa mace ta zama namiji da ɗankwali kawai. A ganina jaruma ita ce wadda shawararta ke juya labari. In ka cire ta labarin ya tsaya, to, ita ce. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba da takobi aka san ta ba. Waƙoƙi ta rubuta da Larabci da Fillanci da Hausa, ta naɗa jajoji su bi ƙauyuka suna karantar da mata, aikin 'yan taru ya rayu bayanta. Ungozoma, da mai saƙa, da mai tallan nono, da jakadiya wadda ke ɗauke da asirin fada, kowace tana da ikon da za a iya gina littafi a kansa.

Haka kuma kada a sa wa matar 1890 bakin ɗalibar kwalejinmu. Ba ta san makarantar boko ba, ba ta taɓa ganin gadar Jimeta ba, da kwalekwale ta ke ƙetare Binuwai. A kasuwannin ƙasar nan har da sawayen farin saƙi a ke ciniki a maimakon kuɗi. A fada Fillanci a ke yi, Hausa kuwa harshen fatake ne, ga Barebari, ga Batawa waɗanda su ke bakin kogin tun kafin a kafa Yola. Sa'an nan ga maganar da ba a son taɓawa, watau bauta. Arzikin manyan gidaje na wancan zamani a kan bayi ya tsaya, kuma da yawa daga cikinmu a wannan kwaleji jikokin waɗanda aka kai wa hari ne, waɗansu kuma jikokin maharan. Littafin da ya nuna fada fes, ba kuyanga ba ƙwarƙwara, ya yi wa rabin ajinmu ƙarya. Mai son ya tsaya a kan gaskiya sai ya nemi The Lamibe of Fombina na Sa'ad Abubakar, na 1977, in kuma hali ya yi ya je Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Kaduna.

To, an gama rubutu, sai ina? Hanya ta fari ita ce ta gasa da kamfani, wadda Abubakar Imam da Hafsatu suka bi. Amfaninta shi ne akwai mai gyara, kuma littafi ya kan shiga makarantu. Wahalarta ita ce ƙofar ƙunci gare ta, a kan yi shekaru ba a buɗe ba. Har yanzu gasa na fito da sababbin marubuta: a 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata zalla.

Hanya ta biyu ita ce ta Kano. A shekarun 1980, da tattalin arziki ya karye, kamfanoni suka ja baya, sai marubuta suka ce ba za su jira kowa ba. Mutum ya tara kuɗinsa, ya kai wa mai injin ɗab'i, ya rarraba labarin kashi biyu ko uku don cinikin na ɗaya ya biya bugun na biyu, ya kai wa 'yan kasuwa su sayar kafin su biya shi. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda Balaraba da Ado Ahmad Gidan Dabino su ke. Waɗansu malamai suka raina abin, suka sa masa suna Adabin Kasuwar Kano. Ga shi kuwa a 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya, mai suna Blaft, ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi. Aibin wannan hanya a fili ya ke: ba mai gyara, shi ya sa za ka ga labari mai daɗi cike da kurakuran rubutu, kuma kuɗin marubuci ya kan maƙale a hannun ɗan kasuwa.

Ta uku ita ce ta wayar hannu, inda mata da yawa ke sakin labari babi babi ta WhatsApp ko Wattpad, masu karatu su biya su ci gaba. Ba takarda, ba kuɗin mota zuwa Kano, wannan kuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda ke Yola. Sai dai labarin tarihi ba ya son gaggawa. Wadda masu karatu ke matsa wa ta saki babi kowane dare, yaushe za ta tsaya ta bincika ko a zamanin Zubairu an san shayi a gidan talaka? Ga kuma sata, mutum ɗaya ya biya, ɗari su karanta.

Ni shawarata ga mai niyya a cikinmu, kowace hanya zai bi, ya gama littafin duka tukuna. Ya ba malamin Hausa ya duba masa ƙa'idar rubutu, ya ba malamin tarihi ya duba shekaru da sunaye, sa'an nan ya karanta wa mata biyu ko uku da ƙarfi ya ga inda hankalinsu ya ke tafiya. In zai ba wani ya buga, a rubuta yarjejeniya, a faɗi kwafi nawa za a buga, da nawa ne rabonsa, da wanda ke da haƙƙin littafin. Ya kuma nemi lambar littafi daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa.

Kafin duk wannan akwai aikin da ba ya jira. Waɗanda suka ga saukar jirage a Njuwa sun ƙare, 'ya'yansu ma haka, saura jikoki, su ma sun tsufa. In mun tafi hutu ko koyon aikin koyarwa a ƙauye, kowa ya sayi littafin rubutu guda, ya zauna wurin kakarsa. Kada ka ce mata ta ba ka tarihi, za ta ce wannan na maza ne. Tambaye ta sunan kakarta, da garin da aka auro ta, da abin da aka ba da na sadakinta, da waƙar da ta ke yi in tana daka.