Darasi na Tara: Kada a Ɓoye wa Likita Kafin Tiyatar Fankiriyas

Duk wanda ya taɓa gyaran kayan cikin rago ya san tumbi da hanta da matsarmama. A bayan tumbin mutum akwai fankiriyas, mai samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Idan ciwon daji ya kama kanta, akan yi tiyatar Whipple, sunan likitan Amurka da ya bayyana aikin a 1935. Ana cire kan fankiriyas da farkon ƙaramin hanji da matsarmama, a ɗinke ragowar da hanji.

Abin tsoro shi ne ɗinkin ya yi yoyo, ruwan nan mai narkar da nama ya zuba cikin ciki, ya jawo ruɓa ko ya cinye jijiyar jini. Fankiriyas mai laushi, ko mai bututun da bai wuce milimita 3 ba, ta fi yin haka. Tsufa, ƙiba, rama da ciwon zuciya ma suna ƙara hatsari. Waɗannan likita zai gano da kansa. Abin da aka ɓoye masa kuwa, ina zai gan shi?

Ga misali. Ana gobe ganin likita, uwargida ta tsinci kwalin sigari a aljihun maigida, wanda za a yi wa tiyatar.

"Malam, ba ka ce ka daina ba?"

"Kara biyu ne kacal. Ki rufa mini asiri."

Sai ga maƙwabciya da galan ɗin jiƙo. "Yaya, ki riƙa ba shi safe da yamma. Kada dai likita ya ji, faɗa zai yi."

"To ke za ki tare jinin in ya ɓalle?"

Maƙwabciya ta ja mayafi ta fice. Irinsu ba sa kwanan asibiti, amma sun fi kowa shawara.

Kada a ɓoye taba. Tana rage iskar da rauni ke buƙata don ya warke, tana jawo ciwon huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barinta makonni 4 kafin tiyata yana rage matsala. Kada a ɓoye asfirin da wafarin, suna tsinka jini, kuma likita ne kaɗai zai ce a dakata da su. Kada a ɓoye jiƙo, don wani yana wahalar da hanta da ƙoda.

A zuba kowane magani a leda ɗaya, na bature da na gargajiya, har ƙullin garin da aka sayo a tasha, a ajiye gaban likita tun zuwan farko.