Amsoshin Tambayoyinku: Yaron da Ba Shi da Zance Sai na Hanya

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Funtuwa. Ina da yaro ɗan shekara 14 wanda ba shi da zance sai na hanya. Idan na tafi da shi Gusau ko Zariya ba ya runtsawa a mota, idonsa na kan alluna, yana ta rubuta lambobi a bayan littafinsa na makaranta. Ya ishe ni da tambayar ma'anar A126 da ya gani a taswirar waya, da dalilin da ya sa wasu alamomin ke da kusurwa uku, wasu kuma zagayayyu. Ni shekara talatin ina bin hanyar nan, ban taɓa sanin tana da lamba ba. Don Allah a yi mini bayani, sannan a ba ni shawara: in ƙyale shi, ko in tsawata masa ya mai da hankali ga karatu?

AMSA: Alhaji, Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Bari in fara da shawarar tun da ita ta fi damunka: ka ƙyale shi, har ma ka taimaka masa. Abin da yake yi ɗin shi ma karatu ne, sai dai allonsa a bakin titi aka kafa shi.

Mu ɗauki lambar da ya tambaya. Manyan hanyoyin gwamnatin tarayya a Najeriya da harafin A ake fara lambarsu, tsarin da muka gada daga Turawan Ingila, waɗanda su ma a ƙasarsu A1 ce ta tashi daga Landan zuwa Edinbura. A wurinmu akwai guda huɗu da suke kamar ginshiƙan ɗaki, kowacce ta taso daga bakin teku ta miƙe arewa. A1 ta bar Legas, ta bi Ibadan da Ilori, ta haye kogin Kwara a Jebba, ta ratsa Kwantagora da Yawuri zuwa Sakkwato, ta ƙare a Illela. A2 daga Fatakwal take, ta Benin da Lakwaja da Abuja, sai Kaduna, Zariya, Kano, Daura, har Kwangwalam. A3 ita ma daga Fatakwal, amma ta Inugu da Makurɗi da Lafiya, ta hau Jos, ta gangara Bauci da Potiskum da Damaturu zuwa Maiduguri da Gamborun Ngala. A4 kuwa daga Kalaba ta taso, ta bi ta Jalingo da Numan. Ka lura, ƙidayar daga yamma ta fara tana tafiya gabas.

To, ga inda daɗin yake. Hanyoyin da ke da lamba uku su ne suke gitta tsakanin ginshiƙan nan, kuma lambobi biyu na farko suna faɗa maka wace da wace suka haɗa. Hanyar ƙofar gidanka, wadda ta taso daga Zariya ta bi Funtuwa da Tsafe da Gusau da Talatar Mafara zuwa Sakkwato, ta ɗinke A1 da A2. Shi ya sa lambarta ta fara da 1 da 2. Shidan da ke ƙarshe lambarta ce a jerin 'yan'uwanta, kuma jerin daga kudu yake hawowa: A121 tana can tsakanin Shagamu da Benin, A125 ta haɗa Kwantagora da Kaduna ta Tegina, sannan taku A126. Wanda ya gane wannan, ko bai taɓa taka ƙasar Nasarawa ba, yana ganin A234 zai san ta haɗa A2 da A3, kuma haka ne, ita ce ta Abuja zuwa Akwanga ta Keffi. Akwai waɗanda ba su shiga wannan lissafi ba, kamar A9 ta Kano zuwa Katsina da Jibiya, amma ƙa'idar ta riƙe mafi yawa. Yaronka ya ji ƙanshin wannan tsari ne, shi ya sa ya kasa haƙuri.

Batun siffar alamomi kuwa, an yi ta ne saboda direban da ke gudu ba shi da lokacin karanta jimla, wani ma bai iya karatun ba, wani kuma baƙo ne da bai san harshen ƙasar ba. Don haka siffa da launi su ke fara magana kafin hoton da ke ciki. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne: kwana na tafe, ko ƙaramar gada, ko layin dogo, ko wurin tsallakar shanu. Zagayayye mai jan baki hani ne, kada ka wuce gudun da aka rubuta, kada ka sha gaban wata mota, kada ka shiga. Zagayayye shuɗi umarni ne, bi nan. Mai kusurwa huɗu, wanda a manyan hanyoyinmu galibi kore ne, labari kawai yake ba ka: sunan gari da nisansa. Tun a 1909 ƙasashen Turai suka zauna a Faris suka amince da alamomi huɗu kacal, na gargada da kwana da mararraba da layin dogo. Yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968 ita ta shimfiɗa tsarin da yawancin duniya ke bi yau, shi ya sa direbanmu zai shiga Maraɗi ko Damagaram ya gane alluna ko da ba ya jin Faransanci.

Alamomi biyu aka ware musu siffar da babu mai irinta, kuma hikimar ta burge ni tun ranar da na fara jin ta. Mai kusurwa uku da aka kifar da kansa ƙasa yana cewa ka ba wa na babbar hanya wuri. Ja mai kusurwa takwas kuma yana cewa tsaya cak. An bambanta su ne domin ko ƙura ta rufe rubutun, ko ta baya kake hango allon, siffar kaɗai ta isa ka san abin da aka umarci wancan direban. A Amurka aka ƙirƙiro mai kusurwa takwas ɗin, kuma rawaya ne a da, sai a 1954 aka mai da shi ja.

Ka kuma gaya wa yaron cewa mutane ne irinsa suka zauna suka zana waɗannan abubuwa. Allunan Ingila na yanzu, waɗanda aka fara aiki da su a 1965, aikin mutum biyu ne, Jock Kinneir da Margaret Calvert. Saniyar da ke cikin alamar tsallakar dabbobi, Calvert ta zana ta ne daga wata saniya da ta sani a gonar danginta.

Masu irin wannan sha'awa suna da yawa a duniya, har da dattawa masu jikoki. A Amurka wasu burinsu su bi wata hanya daga farkonta har ƙarshe su rubuta ranar da suka kammala, wasu suna tara tsofaffin taswirorin da gidajen mai ke rabawa kyauta a da. Hanyar nan mai lamba 66, wadda aka buɗe a 1926 daga Cikago zuwa Los Anjalas, an soke lambarta a hukumance a 1985, amma masoyanta suka hana ta mutuwa, har gobe ana zuwa daga ƙasashe don a bi ta. Taswirar kamfanin Michelin ta arewaci da yammacin Afirka, wadda Agadas da Kano ke cikinta, ta shiga ran matafiya Sahara har wata ƙungiyarsu a Ingila ta ɗauki tsohuwar lambar taswirar, 153, ta mai da ita sunanta.

Amma ni ba na ganin abin a matsayin baƙo a wurinmu. Madugun da ke jan ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja neman goro, me ya ɗora shi gaban jama'a in ba sanin hanya ba? Zango nawa ne, ina rijiya take, wane kogi ake hayewa da rani, wane sarki ake biya fito. Taswirar tana cikin kansa. A 1824, da Baturen nan Clapperton ya isa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasashen nan da koginsu, aka buga ta a Landan a 1826. Har yanzu sunayen garuruwanmu na bakin titi suna ba da labarin hanya: Mararrabar Jos, Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, Lambar Tureta, Mil Tara a Kano. Wannan na ƙarshen ya riƙe ma'aunin mil da aka daina rubutawa tuntuni. Kano ɗin ma, a nan manyan hanyoyin nahiyar biyu suka gitta juna, wadda ta taso daga Aljas zuwa Legas ta Agadas da Damagaram, da wadda ta taso daga Dakar zuwa Njamaina.

Ni kaina a gidan gaba na wata fijo na kamu da wannan sha'awa, ina yaro, an cusa ni tsakanin direba da wani dattijo. Direban ne ya nuna mini 'yan guntayen ginshiƙan siminti da ke bakin titi, ɗauke da haruffan farko na sunan gari da adadin kilomita. Ya ce in riƙa faɗa masa lambar duk wanda muka wuce don kada barci ya ɗauke shi. Na wuni ina ƙirgawa, lambar tana raguwa ɗaya bayan ɗaya, har muka hango fitilun gari. A hanya muka tarar da ganyaye an jera a tsakiyar kwalta, ya rage gudu tun kafin in ga komai, sai ga gingimari ta lalace a bayan kwana. Ya ce mini wannan ma alama ce, kuma wanda bai iya karanta ta ba ba ya daɗewa a sana'ar.

Wannan ne ya sa nake ɗaukar tambayarka da muhimmanci. Yau ka bi hanyoyinmu da yawa, wani allon an liƙe shi da fastar siyasa, wani an cire an sayar wa 'yan gwangwan, wani ya koɗe har ba a ganin komai. Direbobi da dama sun koyi tuƙi a hannun maigida ba tare da an taɓa gaya musu cewa farin layin da bai yanke ba a tsakiyar titi yana hana shan gaba ba, kuma rayuka nawa muka binne saboda haka? Ƙasar nan ta taɓa nuna tana iya koyar da jama'a dokar hanya in ta sa kanta: ranar 2 ga Afrilun 1972 aka sauya tuƙi daga hannun hagu zuwa dama a rana guda, bayan an daɗe ana shela a rediyo. Yaron da ya taso yana ganin allo a matsayin magana da ake yi da shi, ko injiniyan hanya ya zama, ko safiyo, ko jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra wadda aka kafa a 1988, ko ma ya gaje ka a kasuwa yana tura motocin masara, ya riga ya sami abin da zai amfane shi ya amfani jama'a.

Ga abin da zan so ka yi. Ka nemo masa littafin dokokin hanya na hukumar, da taswirar Najeriya ta takarda, babba, a manna masa a bango, domin waya tana nuna wa mutum guntun da yake kai ne kawai, takarda kuwa tana nuna yadda garuruwa suka jeru. Ka saya masa littafi na musamman ya bar ɓata na makaranta, da sharaɗin sai ya gama aikin gida. Ka ja masa kunne sosai a kan abu biyu: kada ya tsaya a kan kwalta don duba allo, kuma kada ya ɗaga waya ya ɗauki hoto kusa da shingen jami'an tsaro ko bariki, musamman a halin da hanyar Gusau take ciki. Idan da tsohon direba a cikin abokan hulɗarka, ka haɗa su su zauna, yaron ya tambaye shi sunayen kwanoni da gadoji ya rubuta, don da yawansu babu su a kowace taswira.

Sannan ka kai masa wannan daga gare ni. Akwai hanya mai lamba A345. Kada ya duba waya. Ya fara faɗin ginshiƙai biyun da ta haɗa, sannan ya nemo ta da yatsa a kan takarda, ya aiko mana da sunan babban birnin jihar da ke tsakiyarta.