Gwangwanin Feshi da Iskar Cikin Gini

Warin da ke tashi daga sabon fenti ko gam tururi ne na wasu sinadarai masu saurin bin iska, waɗanda masana ke kira VOC a taƙaice. Shaƙar su kan haddasa ciwon kai, da jiri, da raɗaɗin ido da maƙogwaro. Binciken Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ya nuna cewa yawan wasu daga cikinsu a cikin ɗaki kan ninka na waje sau 2 zuwa 5.

Saboda haka ne tsarin LEED, wanda aka fara gwadawa a Amurka cikin 1998 domin ba da shaida ga gine-gine masu kiyaye muhalli, ya ware maki ga magina da suka zaɓi kayan da ba sa fitar da tururi mai yawa. Sai dai gam na gwangwanin feshi ya sha bamban da saura. Baya ga gam ɗin da ruwan da ke narkar da shi, akwai iskar da ke turo shi waje. A da CFC ce ke wannan aiki, har Amurka ta haramta ta a akasarin gwangwanaye cikin 1978 domin tana lalata bargon ozon. Butan da furofan, wato iskar gas irin ta girki, suna cikin waɗanda suka gaje ta, alhali su kansu VOC ne.

Wannan ya sa bugun LEED na 2009 ya auna gam na shafawa da giram cikin lita, amma na feshi da kaso cikin nauyi, bisa ƙa'idar GS-36 ta ƙungiyar Green Seal. Mai fita kamar raɓa kada VOC ɗinsa ya wuce kashi 65 cikin 100, mai fita kamar yanar gizo 55, na ayyuka na musamman kuwa 70. Alal misali, cikin giram 500 na nau'in farko, giram 325 na iya bin iska, kuma bai karya ƙa'ida ba.

Bugun 2013 ya ƙara sharaɗin gwaji irin na jihar Kalifoniya, inda ake ajiye samfur kwana 14 a auna tururin da yake fitarwa. Ke nan abin da ke cikin gwangwani daban, abin da ke isa huhu daban. Cika ƙa'ida ba ya ɗauke wa mai feshi wajibcin buɗe tagogi, iska ta ratsa ɗakin kafin jama'a su shiga.