Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Raunin Tayirod da Cutar Ƙin Cin Abinci

A shekarar 1873 wani likitan Ingila mai suna William Gull ya gabatar wa takwarorinsa a Landan da bayanin cututtuka biyu. Ta farko ita ce ta 'yammatan da ke ƙaurace wa abinci har su rame, wadda ya raɗa wa suna anoreksiya. Ta biyu kuwa ita ce wadda a yau aka sani da raunin tayirod. Kamannin da ke tsakaninsu na iya ruɗar majiyyaci da iyayensa, kuma ruɗuwar na iya jawo asarar rai.

Mene ne tayirod?

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi, nauyinta kimanin giram 20. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Aikinta shi ne sarrafa sinadarin aidin zuwa sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci. Baligi na bukatar maikirogiram 150 na aidin a kullum, shi ya sa tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya shi a gishirin miya. Daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa kuma wani sinadari mai suna TSH ke fitowa yana umartar tayirod da ta yi aiki. Idan ta gaza, sai TSH ya yawaita a jini, kamar yadda mai dawaki ke ƙara bulala idan doki ya ƙi tafiya. Ban da ƙarancin aidin, garkuwar jiki ma takan afka wa tayirod, cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912.

Inda ruɗani yake

A ɗauki misalin ɗaliba 'yar shekara 16 a Fagge, wadda ƙawaye suka dame ta da gorin ƙiba, ta rage abinci har ta koma ruwan shayi. Bayan watanni sai ga jin sanyi ko da a cikin zafin bazara, da kasala, da bushewar fata, da zubar gashi, da taurin bayan gida, al'ada kuma ta ɗauke. Duk waɗannan alamu ne da akan gani ga mai raunin tayirod.

Dalili shi ne, idan yunwa ta tsananta jiki yakan rage mayar da T4 zuwa T3, domin ya yi tattalin ɗan abin da ya rage masa, tamkar uwargidan da ta janye itace daga murhu. A nan tayirod lafiyarta lau: T3 ya yi ƙasa, amma TSH bai hau ba. Maganin wannan hali abinci ne, domin da zarar nauyi ya dawo T3 yakan daidaita da kansa. A raunin tayirod na haƙiƙa kuwa, TSH ne ke hawa, T4 ya sauka. Gwajin jini ne kaɗai zai bambanta su, kuma ana yin sa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Idan cututtukan biyu sun haɗu

Wanda gwaji ya tabbatar masa da raunin tayirod zai riƙa shan ƙwayar lebotayiroksin, yawanci har iyakar rayuwarsa. Idan kuma yana farfaɗowa daga ƙin cin abinci, wajibi ne a kiyaye waɗannan abubuwa:

1. A sha ƙwayar da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Wannan jinkiri kada ya zama hujjar tsallake kumallon.

2. A raba ta da maganin ƙarin jini da na ƙarfafa ƙashi da tazarar awa 4, domin suna hana hanji tsotse ta.

3. Adadin maganin yana tafiya da nauyin jiki. Yayin da majiyyaci ke murmurewa, likita zai sake gwajin TSH mako 6 zuwa 8 bayan kowane canjin adadi.

4. Mai jawo wa kansa amai bayan cin abinci ya sanar da likita, domin ƙwayar na iya fita kafin ta shiga jini.

5. Wanda ya daɗe da yunwa a mayar masa da abinci sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar asibiti. Cika masa ciki farat ɗaya yakan kayar da sinadarin fosfet a jini, zuciya ta rikice.

Haɗarin sayen magani a kasuwa

Babban abin tsoro shi ne amfani da lebotayiroksin don rage ƙiba. Yawansa yana sa zuciya bugawa ba bisa ƙa'ida ba, yana kuma zaizaye ƙashi, alhali yunwa ta riga ta raunana duka biyun. Kasuwar Sabon Gari ta daɗe da shahara wajen cinikin magunguna, kafin hukumomi su rufe shagunan maganin da ke cikinta a 2024 domin mayar da 'yan kasuwar cibiyar Dangwauro. Ko'ina aka saya, wannan ƙwaya ba a shan ta sai da takardar likita. A gidan da akwai mai wannan larura, ya fi dacewa uwa ta riƙe maganin ta riƙa bayarwa da hannunta.

Aikin malamai

Ƙin cin abinci cuta ce da ta shafi tunani, ba taurin kai ba, kuma tana kama maza ma. Malamin da ya lura ɗalibarsa na ramewa, tana kauce wa cin abinci lokacin tara, ya sanar da iyayenta cikin sirri, ya kuma hana gori a aji. Jinyar tana bukatar likitan jiki da na ƙwaƙwalwa da masanin abinci, su haɗa hannu da iyaye.

Tambayoyi

1. Me ya sa T3 ke sauka a jikin mai fama da yunwa?

2. Yaya TSH yake a raunin tayirod na haƙiƙa?

3. Don me ake sake gwajin jini idan nauyin majiyyaci ya ƙaru?